Fitilar LED ta sito tana dushewa daga ƙarshe, ina mafita?

Assalamu alaikum, masana aikin lantarki, don Allah a taimaka mini.

Na liƙa doguwar fitilar LED, mai kama da tef, a ƙarƙashin kantocin siton kicin. Mai 12V ce (wato volt 12, ƙarfin wutar da take aiki da shi), tsawonta mita 8, kowace mita tana cin wat 14.4, jimilla kusan wat 115. Na jona kantocin bi da bi, wuta tana shiga ta baki ɗaya daga adafta mai wat 120.

Kanta ta sama haske fes. Ta ƙasa kuwa, inda aka fi buƙatar hasken, ya dushe sosai. Adaftar ma zafi take yi, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin kantocin na katako ne, iska kuma ba ta ratsa wurin.

An ce mini mai 12V ba a so ta wuce mita 5 a layi ɗaya. To, in ja wa kowace kanta wayarta daban daga adaftar, ko in ba fitilar wuta ta baki biyu? Wane kaurin waya ya dace? Adaftar ba ta yi kaɗan ba kuwa? Ba na son ɓare fitilar duka in koma mai 24V sai in ba makawa, don gam ɗin ya riga ya kama.