Zannuwan Inna ko sabuwar atamfa? Ku ba ni shawara kafin teloli su daina karɓar ɗinki

'Yar Zauro: Assalamu alaikum 'yan uwa, ya ibada? Ni ɗaliba ce a nan Birnin Kebbi, kuma saura mako uku Sallah. Dubu 24 ke hannuna: dubu 20 na alawus ɗin NELFUND (asusun ba ɗalibai rancen karatu), sai huɗu da na tara da sayar da awara. A ciki ma zan fidda kuɗin motar gida. Bubun nan da ake yayi bana nake so, mai faɗin hannu da aiki a wuya. Inna ta ba ni zannuwanta biyu na Holan iri ɗaya, tun na lefenta, kore mai ratsin ja. Sun fi shekara ashirin a ƙasan akwati, har yau ƙamshin turaren wuta suke yi. In kai su a yanka, ko in sayi turmin sabuwa mai araha? Wadda ta taɓa juya tsohon zane ta gaya mini gaskiya. Don Allah ban da maganar bashi.

Maman Sadik: Ƙanwata akwai wata Hajiya a unguwarmu da ke ba da leshi biya sannu-sannu. Ki ba da rabi, saura bayan Sallah.

Ummu Jega: Anti, ai ta ce hwa ba ta son bashi. Ke 'yar uwa, shiga kasuwar Jega ranar Juma'a. Makon jiya munka sayi turmi dubu 9.

Bayawura: Dubu 9 a ina? Shekaranjiya na taya mafi araha a babbar kasuwar Birnin Kebbi, dubu 13 aka ce, ba ragi. In dai dubu 9 ce to roba ce zalla. A zafin nan namu na bazara, kafin liman ya sauko daga huɗuba ta manne miki a baya, wanki biyu kuma ta koɗe. Holan ta da auduga ce, tana shan iska. Na juya na kakata bara. Ki shanya zanen a rana ki tsaya ta bayansa, duk inda haske ya ratso sosai, musamman kan layin ninki, to wurin ya ci, ki nuna wa tela ya kauce masa. Zane ɗaya yadi biyu ne, biyu sun ba ki huɗu, sun isa bubu in ba ki cika tsawo ba. Ɗankwali sai ki nemi yadi ɗaya na farin kaya ko ja.

Anti ta Argungu: Ɗiyata kada ki kuskura. Ni na san abin da na gani. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, cikin rabon kayanta shadda guda ta faɗo mini, ruwan shuni, wadda ta je Hajji ta dawo da ita a jikinta. Na ce bari in mayar da ita doguwar riga in riƙa tuna ta. Tun goma ga azumi na kai wa wani tela, na biya shi duka a hannu. Yau gobe, yau gobe, har daren Sallah. Na zauna kan bencin shagonsa daga bayan Isha har aka yi kiran assalatu. Da ya miƙo mini leda na buɗe, sai ga shatin dutsen guga a ƙirji, baƙi ƙirin, yaronsa ya ƙona, shi kuma ya ɗora wani ɗan fulawa ya rufe. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na tambayi sauran ƙyallen ya ce babu. Ran hawan Sallah da idona na ga jaririyar maƙwabtansa da 'yar riga ta shaddar uwata. Wallahi kuka na yi a tsakiyar titi. Sabuwar atamfa in ta lalace kasuwa na nan. Na uwa fa?

Ummu Jega: Innalillahi. Allah ya jiƙan Inna. Anti kin kai shi ƙara?

Anti ta Argungu: Wa zan kai wa? Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, ya maido mini dubu 3. Rigar na nan cikin akwati, ban taɓa sa ta ba.

Ɗan Kabi: Ni shekara huɗu da kaftani ɗaya nake Idi, hula kawai nake sauyawa, kuma ba a taɓa hana ni sahu ba.

Maman Sadik: Malam fita mana, maganar mata ake yi.

Mai Keke na Gwandu: Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, abin bai yi daɗi ba. Amma shekarata goma sha shida kan keke, ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Ƙanwata, tsohuwar Holan ta fi mini daɗin ɗinki a kan na yanzu, ba ta zamewa ƙarƙashin allura. Ki kai cikin makon nan, kada ki biya duka, ki ce a yanka a gabanki ki kwashe ƙyallenki. Bubu ba aiki dubu 4 nake karɓa, da aikin wuya dubu 7, don fetur nake ƙonawa a janareta.

Bayawura: Dubu 7? Wata mata a gida ta yi mini da aikin hannu dubu 4,500.

Anti ta Argungu: Tela ne zai ba da shawara kan tela? Ai ba zai ce kada a kawo ɗinki ba.

Mai Keke na Gwandu: To Hajiya wa ya san zane in ba mai yanka shi ba? Labari ɗaya gare ki, ni ɗaruruwa sun bi ta hannuna.

Ummu Jega: Ku bar musu. In kina tsoro ki bar zannuwan yadda suke, ki ɗaura ɗaya, ki nemi farar riga a gwanjo. Ki tafasa ruwa ki wanke ta, ki shanya a rana, a goge. Ba mai ganewa.

Maman Sadik: Gwanjo ran Sallah? Haba.

Ɗan Kabi: Da masaƙar Gusau na aiki da ba mu zo nan ba. Audugar Zamfara, ɗinkin gida. Yanzu kowane ƙyalle sai an shigo da shi, dala ta motsa ya motsa.

'Yar Zauro: Na gode ƙwarai. Na shanya su kamar yadda Yaya ta Yawuri ta ce, ɗaya lafiya lau, ɗaya ya ɗan ci ta gefe. Yadi uku da rabi zai yi bubun? Kuma yanzu aka sa ni a guruf ɗin ankon bikin 'yar ajinmu, sati biyu bayan Sallah, dubu 15.

Bayawura: Kin ji abin da ke cinye mu. Anko huɗu na yi bara, ko wanne sau ɗaya na sa, don ko'ina kika shiga sai a ce ga ankon wance.

Ummu Jega: Kuma uwar biki ta sayo dubu 10 ta ɗora biyar. Ni da na ce ba ni da hali, cire ni anka yi daga guruf, ko katin walima ban gani ba.

Maman Sadik: Ai zumunci ne. Ran naku bikin za ku so a yi muku.

Ummu Jega: Zumuncin da sai da dubu 15? Anti ke nawa kika sa wa ankon ƙanwarki watan jiya?