Bayan ruwan mafil ya tsaya: yadda muke wanke kayan aiki da adana su

Ma'aikacin gonar mafil, yankin Beauce, Kebek

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A nan wajenmu a Kanada ruwan mafil ya tsaya, wato ruwan da ake tatsa daga itacen mafil a dafe shi har ya yi kauri da zaƙi kamar zuma, mu ma zuma muke ce masa. Ya tsaya ne domin dare ya daina daskarewa, itatuwa sun fara toho, kuma ruwan da ya zo a ƙarshe ya yi gurɓi da wani ɗanɗano mai ɗaci wanda ke rage darajar zuma ƙwarai. Na buɗe wannan zance ne domin duk wanda ya yi aiki a kurmin mafil a bana ya faɗa mana yadda ake rufe kakar tatsar ruwa a inda yake.

Mu dai aikin farko shi ne cire bakunan roba daga jikin itatuwa ba tare da jinkiri ba, wato 'yan bututun da ake sokawa cikin ramin da aka huda a itacen domin ruwa ya bi ta cikinsu zuwa tiyo. Ana murɗa bakin a hankali a zare shi, ba a fizge shi, saboda kada ɓawon ya ɓalle, kuma ba a toshe ramin da komai, itacen da kansa yake rufe shi cikin shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon lafiyarsa. Kafin a rataye kowane baki, muna tsoma shi cikin sifirit na isofurofil mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 alhali injin zuƙa, wanda yake jawo ruwa ta cikin tiyo, yana aiki, sai ya ja ɗan kaɗan zuwa cikin guntun tiyon da ke haɗe da bakin, sannan a toshe shi domin tururin ya zauna a ciki. Tambayata ita ce, shin wannan wahala tana biyan kuɗin sabulu kuwa, ko gara a sayi sababbin bakuna kowace shekara a huta?

Mai kula da tiyo a wata gona, arewacin Vermont, Amurka

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuke yi a Kebek mu ba mu da ikon yinsa, domin hukumomin Kanada sun amince da isofurofil a wannan aiki, amma a Amurka ba a yi masa rajista ba. Shekarun baya maƙwabcinmu yana amfani da bilic, kashi ɗaya cikin kashi 20 na ruwa, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta sosai, sai dai yana barin gishiri a jikin roba idan ba a ɗauraye da kyau ba. Kurege kuwa ba ya ganin gishiri ya wuce. Na shiga kurminsa da kaka ina taya shi gyara, na ga layi guda da aka tattauna tun daga itace na farko har zuwa babban bututu, ƙananan huji a jere kamar an bi shi da allura, wasu wuraren ma an gutsure shi gaba ɗaya. Kowane huji yana shigar da iska, iska kuma tana kashe ƙarfin zuƙa a dukan layin.

Game da tambayarka, ni ina bayan sauyawa. Binciken da cibiyar Proctor ta Jami'ar Vermont da ke Underhill ta daɗe tana yi ya nuna cewa tsabtar baki da guntun tiyon da ke haɗe da shi ita ce ta fi tasiri ga yawan ruwan baɗi. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da injin ya tsaya ko tiyo ya daskare, itacen yana janye ɗan ruwa ya mayar cikin ramin, ruwan ya shiga da ƙwayoyin da suka kwana a tsohuwar roba, itacen ya ɗauki ramin a matsayin rauni ya hanzarta toshe shi. Sai ka ga ramin ya bushe da wuri alhali sauran kaka tana nan. Shi ya sa muke sa sabon baki kowace shekara, guntun tiyo kuma mu sauya shi bayan kamar shekara uku, babban bututu ne kawai muke kora wa ruwa da iska.

Mai 'yan itatuwa a bayan gida, gundumar Lanark, Ontariyo, Kanada

Sannunku da aiki. Ni ba ni da tiyo ko inji, bokitai nake ratayawa, don haka abin da zan faɗa na masu ƙaramin ƙarfi ne. Dattijuwar da ta koya mini aikin ta gargaɗe ni tun ranar farko cewa sabulun wanke-wanke ba ya kusantar kayan mafil. Na ga gaskiyarta lokacin da aka kawo mini ɗanɗanon zumar wani gida, launinta gwanin kyau, amma da ta taɓa harshe sai ƙanshin lemon tsami na sabulu ya biyo baya. Sai an dafe wajen lita 40 na ruwan itace kafin a sami lita ɗaya ta zuma, saboda haka duk ɗan abin da ya maƙale a bokiti shi ma ninka shi ake yi.

Ruwan zafi da buroshi nake amfani da su, in ɗauraye sau da yawa, in kife bokitai a rana har su bushe ƙayau kafin in jera su cikin juna. Idan aka jera su da danshi, na roba suna yin fumfuna, na ƙarfe kuma suna tsatsa su manne, sai an yi da gaske kafin a raba su. Matatar ulu da ake tace zuma ita ma ruwan zafi zalla ne, ba a murɗe ta wajen matsewa domin zarenta yana buɗewa ta daina riƙe datti, kuma ina adana ta a mazubi mai murfi, nesa da man fetur da maganin asu, saboda tana ɗaukar wari, ɓeraye kuma suna son yin sheƙa da ita. Wanda ya gaji tsofaffin bokitan kwano ko kaskon da aka yi wa liƙi da dalma, wannan ne lokacin da ya dace ya ware su gefe, domin dalmar tana narkewa cikin ruwan itace, musamman idan ya fara tsami.

Mai aikin dafuwa, yankin Bas-Saint-Laurent, Kebek

Hajiya ta yi magana mai kyau a kan sabulu, amma akwai na'ura ɗaya da take da nata sabulun na musamman, wato injin da ke rage ruwa kafin dafuwa. Tantanin da ke cikinsa, wanda yake tace ruwan, abu ne mai tsada da saurin lalacewa a ɗakin dafuwarmu. Muna wanke shi da sabulun da kamfanin ya tanada, mu ɗauraye da tataccen ruwan da injin ya fitar da kansa, wanda muke tarawa a tanki tun kafin kaka ta ƙare saboda wannan aiki. Ruwan famfo mai kulorin yana cinye tantanin, ruwan rijiya mai ƙarfe kuma yana toshe shi. Bayan haka ana ajiye shi jiƙe cikin ruwan sinadarin adanawa, a ɗakin da ba ya daskarewa, domin bushewa da ƙanƙara duka kashe shi suke yi. Gonaki da yawa suna mayar da shi wurin dillali a wanke a auna a ajiye musu har baɗi.

Kaskon dafuwa kuma yana tara wani farin dutse a gindinsa, kamar ƙanzo a tukunyar tuwo, wanda ma'adinan ruwan itace ne, galibi kalsiyam. Idan aka bar shi, baɗi zafi ba zai ratsa daidai ba, zuma ta ƙone a kansa, kaskon ma ya iya lanƙwashewa. Wasu suna amfani da asid ɗin da ake sayarwa don wannan, wasu ruwan khal da ruwan ɗumi. Maigidanmu tsohuwar hanya yake bi: a cika kaskon da ruwan itace na ƙarshe, a rufe, a bar shi makonni ya yi tsami da kansa. Ranar da za a zubar, warin ba ya barin mutum ya tsaya a ɗakin, saman ruwan ya yi yauƙi mai kauri, amma dutsen yana saɓulewa da tsumma kawai, ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Ba a goga shi da soson ƙarfe, domin kowace ƙarzuwa wurin zaman datti ce. Muna kwashe tokar murhu ma, saboda tana jan danshi ta ci ƙarfe, mu rufe bakin bututun hayaƙi, mu sauya man injin zuƙa.

Ma'aikacin gonar mafil, yankin Beauce, Kebek

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Vermont, na karɓi hujjarka a kan baki, amma ban yarda cewa sauyawa ta wadatar ita kaɗai ba. Muna da gangare ɗaya da aka ja wa siririn tiyo mai faɗin 3/16 na inci, wanda nauyin ruwan da ke gangarowa ne yake samar masa da zuƙa ba tare da inji ba. A shekarar farko ya fi kowane layi ba da ruwa, amma daga baya ya ja da baya ko da an sa masa sababbin bakuna, da muka yanka mahaɗan sai muka tarar da baƙin datti ya cushe ƙofofinsu. Irin wannan layi dole a kora masa ruwa tun yana da danshi, a kuma sauya mahaɗan tare da guntayen tiyo. A bana mun ɗaura jan ƙyalle a duk inda muka ji iska tana shiga ko reshe ya danne bututu, za mu koma gyara a watan Oktoba bayan ganye ya zube, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.