Na ƙona fentin jita da giranda, ina mafita?

Mai tambaya (kafinta, Zariya):
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 12 ina yin kujeru da gadaje, amma jita wannan ce ta farko da na ƙera, irin ta lantarki, wani yaro mai kiɗan biki ne ya ba ni aikin. Da katakon maɗaci na yi gangar jikin. Na fesa mata banish ɗin nitro (wato nitrocellulose, mai fito da sheƙi) shafi 8, na bar ta kwana 5, na bi ta da sanfefa lamba 600, sai na ɗaura soson ulu a girandata ta yankan ƙarfe don in fito da sheƙi. Ko minti ɗaya ban yi ba na ji ƙauri. Gefen da hannu yake kwanciya ya cinye har katako ya leƙo, faɗin ƙwayar gyaɗa. Tsakiya duk zane kamar an ja tsintsiya, ga wasu 'yan ramuka kamar tsinin allura. Yaron kuma Juma'ar nan yake son abinsa. Fentin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

Mai fentin mota, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Oga, fenti bai yi maka laifi ba, giranda ce ta cuce ka. Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti. Injin goge mota da muke aiki da shi daga 600 yake zuwa 3,000, kuma a bakin gefe ni ba na wuce 1,000. Nitro ba ya shiri da zafi, da ya ɗumama sai ya yi laushi soso ya kwashe shi. Mu mun san halinsa, don asalinsa fentin mota ne, kamfanin DuPont ya fito da shi a shekarun 1920, har Fender, kamfanin ƙera jita na Amurka, ta riƙa fesa wa jitocinta launukan motoci.

Sannan daga sanfefa lamba 600 ba a tsallakawa zuwa soso. Ka hau 800, 1000, 1500, 2000, da ruwa da ɗigon sabulu, sanfefar a naɗe a jikin ɗan katako mai lebur. Duk lambar da ka canza ka canza inda hannunka yake bi, ta haka za ka gane ko zanen ta baya ya fita.

Dattijon kafinta, Kano:
Ɗana, kwana 5 ka ce? Ai ko da injin da ya dace ka zo, da ɓarnar nan sai ta faru. Nitro bushewarsa ta hanyar fitar tina ce, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Sama za ka taɓa ka ji ƙarau, ciki kuwa ɗanye ne, kuma yana ta motsewa har makonni. Mako 3 zuwa 4 ake rataye shi a inuwa, inda iska take shiga amma ƙura ba ta damunsa. Ka kai hancinka jiki: muddin kana jin warin tina, da saura. Ko ka danna farce a ramin da wuyan jitar zai zauna, inda ba mai gani. In ya bar shaida, mayar da ita ƙusa.

Ramukan nan kuwa maɗacin ne. Katako ne mai buɗaɗɗen ido, sai an cike shi kafin fesa, in ba haka ba fentin ya riƙa nutsewa ciki. Yanzu tunda ka wuce nan, ka ƙara shafi 3 ko 4, kana lallaɓawa da sanfefa a tsakani har su cika.

Abin da za ka gode wa Allah shi ne nitro ka fesa. Sabon shafi yana narkar da tsoho su haɗe su zama abu ɗaya, don haka wurin da ya cinye zai gyaru ba tabo, sai dai in ka rina katakon da farko, to nan sai ka daidaita launin tukuna. Zancen Juma'a dai ka cire shi daga ranka. Sauri ya haifi nawa.

Wani ɗan zaure:
Ni da 2K ɗin mota, wato fentin da ake haɗawa da sinadarin sa tauri, zai watsa mata a kai kawai, kwana kaɗan ta yi tauri a wuce wurin.

Mai fentin mota, Kaduna:
A kan ɗanyen nitro? Kada ka ja masa wata asarar, Malam. Tinar da ke ƙasa ba ta da hanyar fita, sai ya yamutse ko ya ɓare. Kuma 2K ba abin fesawa ba ne da tsumma a hanci, yana cin huhu.

Mai gyaran jita, Agadas:
Sannunku da aiki. Abu ɗaya ba a faɗa ba, kuma ni ya taɓa cin kuɗina: ruwan sanfefa. In ya gangara ramin sukurori katako zai sha ya kumbura, washegari ka tarar fenti ya tsage kewaye da ramin. Ka toshe su da kakin zuma, ka riƙa matse sanfefar kafin ka ɗora.

Masu ƙera jita a Turai da Amurka da faifan auduga mai faɗin inci 12 zuwa 14 suke gogewa, yana juyi 700 zuwa 900 kacal a minti. In kana da tsohuwar motar da ke juya injin markaɗe, da bel da fule za ka rage mata gudu ta yi maka aikin. Amma abin nan yana fizga. Ƙasan faifan ake kai jitar, kuma kada ka ba shi bakin jitar ya kama, ɗauke ta zai yi ya maka da ƙasa. Riga mai faɗin hannu a cire ta. Man gogewa mai kaushi da mai laushi kowanne da faifansa, kuma ka karanta jikin robar, duk wanda ke da silikon ka bar shi a shago, don gobe in gyara ya taso fenti ba zai kama ba.

Ni dai jita ɗaya tal ba zan haɗa mata inji ba. Tsohuwar singiletin auduga da man gogewa, yini guda ka gama, hannu kuma ba ya ƙona gefe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada farcen, ya shiga kamar sabulu. Na kira yaron na gaya masa gaskiya, ya ɗan yi tsaki amma ya ce zai ari ta abokinsa. Da singiletin zan bi. Saura tambaya ɗaya: iskar hunturu ta fara, shagona kuma bakin titi ne. In na rataye ta a ɗakin kwana, warin tinar nan ba zai cutar da yara ba?

Dattijon kafinta, Kano:
Zai cutar, kuma yana kama wuta. Nemi ɗakin ajiya da ba a girki kusa, ka bar taga a buɗe, ka kewaye ta da tsohon gidan sauro.