"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": hujjar mai aiki ce ko ta mai ci?

Ɗan Fagge: Jama'a, ku raba mu gardama. Abokin aikina ne, tumbi ya yi gaba, likita ya ce ya rage ci saboda hawan jini. Da safe koko da ƙosai, da hantsi ya aika a sayo masa waina, azahar garau-garau da mai ya ji. Ka yi magana ya ce maka da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganar ta ba shi gaskiya?

Malam Mai Alli: Ko kusa. Dubi wanda aka yi maganar dominsa: mutum ne tsaye a bakin rijiya mai gaba ashirin, guga cike, garken shanu na jira. Shi ne ba zai iya da yunwa ba. Kuma an fi faɗinta a harkar nema, wato sai da ɗan abin hannu ake jawo babba, kamar jari ga ɗan kasuwa. To abokin naka wace rijiya yake ja? Babur ya kai shi ofis, kujera ta riƙe shi har la'asar.

Maman Fati: Malam, kada ka ƙwace mana ita gaba ɗaya. Ni 'yan matan gidana nake wa ita. Sai yarinya ta ce tana rage ƙiba, ta wuni ba ta sa komai a baki ba, jiri na ɗibarta, bayan isha kuma ta zauna ta share malmala uku ta kwanta. Gara ta karya da safe ta sassauta da dare. Kuma mu faɗi gaskiya, mu muke jawowa. Amarya ta yi wata shida ba ta yi kumatu ba, sai dangi su fara cewa miji ba ya riƙe ta da kyau.

Ma'aikaciyar Jinya: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wannan surutun ne ke kai mata ga sha-ka-fashe, maganin da ake sha don a yi ƙiba. Sau da yawa wani maganin asibiti mai suna dexamethasone ne a ciki, fuska ta kumbura a ce hutu ne, alhali yana tayar da sukari da hawan jini. Shi kuwa abokin Ɗan Fagge, ya samu zare ya auna tsayinsa, ya ninka biyu, ya zagaya cikinsa wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar. Sukari kuma kada ya wuce wajen gram 50 a rana, kuma lemon kwalba na rabin lita shi kaɗai kan kai haka, ba a ma zo kan shayin mai shayi ba.

Ɗan Maraɗi: Ni dai da na ba shi amsa da "kowa ya ci zomo ya ci gudu". Ya ci, to ya tashi ya ruga.

Malam Mai Alli: Ka juya ta, ƙanena. Gudun kafin cin zomon ake yi, wahala ce kafin samu. Amma na bar maka, ta ba ni dariya.

Ɗan Maraɗi: Na karɓa, Malam. Sai dai kakana fura da tuwon hatsi yake ci fiye da ni, har ya rasu ba tumbi. Da ƙafa yake zuwa gona ya dawo da dami a ka.

Almajirin Zaure: Ai ma'aunin yana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito: in ba makawa, kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Karin maganar ma ruwan ciki ta ce, ba ta ce a cika shi maƙil ba.

Ɗan Fagge: To Anti, cikin cin nan nasa uku, na safe, hantsi da azahar, wanne zan ce ya fara ajiyewa? In na ce duka, gaba zai yi da ni.

Ma'aikaciyar Jinya: Wainar hantsi. Garau-garau kuma a ƙara wake da latas, a rage shinkafa, mai cokali ɗaya. Kuma maganin hawan jininsa kada ya kuskura ya daina sai likita ya ce.