Neman shawara: in yi wa injin motata aiki ko in sauke shi a ɗora na hannu?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana mota ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle wlh. Motata 'yar 2005 ce, silinda huɗu, otomatik, shekara tara tana hannuna kuma mita ta haura kilomita 280,000. Kusan shekara guda kenan tana shan baƙin mai, duk bayan sati biyu sai na ƙara kamar lita ɗaya, da safe in na tayar sai ta yi wani hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga baya ya ɗauke, ni dai ina ta lallaɓa ta a haka. To satin da ya wuce ina kan hanya tiyon lagireto ya fashe, kuma gaskiya laifina ne, na ga allurar zafi ta tashi amma nace bari in ƙarasa tunda saura kaɗan, ban tsaya ba sai da ta mutu da kanta. Yanzu tana tashi amma sai rawa take, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi ta salansa.

Bakaniken da na saba da shi yace a kwance a yi ringin gaba ɗaya, wato a sa wa fiston sabbin ringi, a canza gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wani kuma da na kai wa yace ɓarnar kuɗi ce, in sayo injin hannu kawai a ɗora kwana biyu an gama. Kuɗin biyun babu wata tazara mai yawa a tsakani. Bodi lafiya lau, giya bata taɓa bani matsala ba, kuma bani da halin canza mota yanzu. Wanne zan yi?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Malam sauke shi kawai. Injin da ya yi zafi har ya mutu da kansa ni bana ƙara yarda da shi, na taɓa yin ringin sau biyu a mota ɗaya cikin shekara guda, ƙarshe dai sai da na sayi injin, kaga na biya kuɗi uku kenan.

Maman Biyu:
Hmm, ni kuma akasin haka ya same ni. Injin hannu aka ɗora mana, a waje tsaf kamar sabo saboda an wanke shi, wata huɗu ya fara hayaƙi fiye da wanda muka cire, da muka koma mai kayan yace garantin sati biyu ya bamu kuma ya wuce. Cinikin biri a sama ne in baka yi sa'a ba.

Oga Sifana:
Baban Yara sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Ni aikina kenan shekaru da yawa, kuma abin da zan fara ce maka shi ne duk su biyun sun yi gaggawa. Wanda yace ringin da wanda yace a sauke, a cikinsu akwai wanda ya auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iskar silinda? In babu to hasashe suke yi da aljihunka.

Kaga matsala biyu ce da kai, kar a cakuɗa maka su. Ta farko tsohuwa, shan mai. Hayaƙin da ke fitowa da safe sannan ya ɗauke yawanci robar bawul ce ta bushe, mai yana tsiyaya cikin silinda da daddare in mota na ajiye, da ka tayar sai ya ƙone. In ringi ne suka mutu hayaƙin ya fi fitowa lokacin da ka taka totur ko kana hawa tudu da kaya. Da irin wannan tafiyar da motarka ta yi zai iya zama duka biyun ne, amma ba dole ba. Ta biyu sabuwa, ita ce ta zafin nan, ruwa na ɓacewa ga farin hayaƙi ga rawa, wannan gasket ne ya ƙone kusan ba tantama, abin tambaya kawai shi ne iya gasket ɗin ne ko top, wato kan injin, ya lanƙwashe ko ya tsage, ko ma abin ya taɓa bulok, wato gangar jikin injin.

Abin da za a yi kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya: a cire fulogi duka huɗun a auna kwamfureshan na kowace silinda a rubuta maka a takarda. Lafiyayyen inji lambobin suna kusa da juna, bambancin baya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa, in lambar ta tashi sosai to ringi ne saboda man ya toshe inda iska ke gudu, in bata motsa ba to bawul ne ko gasket. In kuma silinda biyu maƙwabtan juna ne suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ka zaro sandar awon mai ka duba kuma, in ya koma kamar madara to ruwa ya shiga mai, daga nan kar ka ƙara tayar da ita ko don gwaji, mai haɗe da ruwa cinye metal yake, wato 'yan ƙarafan da sandar inji (karanshaf) ke juyawa a kansu.

Sannan ka saurara da kyau, akwai ƙara daga ƙasan inji, ƙwan-ƙwan mai nauyi da ke bin totur? Wannan amsar ita ce rabin hukuncin.

Baban Yara:
Na gode sosai Oga. Gaskiya babu wanda ya auna komai, kunne kawai suka kasa. Ƙara daga ƙasa ban ji ba, kuma fitilar mai tana ɗaukewa da zarar ta tashi. Man dai ya ɗan canza kala amma bai kai madara ba. Gobe insha Allah zan sa a ja ta zuwa inda suke da abin awon.

Ɗan Lissafi:
Kafin ka dawo bari in saka baki ta ɓangaren kuɗi, don ni ban iya riƙe sifana ba amma an sha cin kuɗina. Ka ce kuɗin biyun kusan ɗaya ne, to ka sani kuɗin ringin da aka faɗa maka kafin a buɗe inji ba shi ne kuɗin ba, sai an baje shi a ƙasa za ka fara jin ai karanshaf sai an wanke, ai oyil fam ya gaji, ai fiston ɗaya ya ƙuje, kuma a lokacin ba ka da damar fasawa tunda motarka tana cikin kwano-kwano. Shi ma injin hannun ba iya kuɗinsa ba ne, akwai na ɗorawa, sabon mai da filta, ruwan lagireto, famfon ruwa, tamostat, kujerun inji in sun tsage, da 'yan sensa da za a ce basu dace ba. Duk wanda ka zaɓa ka ajiye wani abu a gefe. Sannan ka tambayi nawa za a sayi motar in tana lafiya, in gyaran zai ci fiye da rabin wannan kuɗin to ka zauna ka yi tunani sosai, sai dai in ka san shekaru za ka ƙara yi da ita.

Tsohon Direba:
Yauwa, abin da nake faɗa kenan. Ringin rami ne, baka san zurfinsa ba sai ka faɗa.

Oga Sifana:
Baba Direba ranka ya daɗe, da girmanka amma bari in ɗan yi maka musu. Abin da mutane da yawa ke kira ringin ba gyaran inji ba ne, a zare fiston a sa sabbin ringi a cikin silindar da ta riga ta cinye ta zama kamar ƙwai, a goga mata samfefa a mayar, to ya za a yi ya daɗe? Zagayayyen ringi baya kama ramin da ba zagayayye ba. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, kuma ina kyautata zaton irinsa aka yi maka har sau biyu.

Aikin gaskiya sai an kai bulok da karanshaf da top wajen masu injin awo. In silinda ta buɗe fiye da ƙima a yi mata ribowa, wato a ƙara faɗin ramin, a sa fiston mai girma, suna zuwa da ƙarin 0.25 ko 0.50 na milimita, karanshaf in ya yi zane a wanke shi, wato a fere shi kaɗan, a sa metal daidai da abin da aka rage, top a ɗora masa ƙarfen awo a ga ko ya lanƙwashe sannan a gwada shi da matsin ruwa ko ya tsage, don tsagewar wani lokacin ido baya ganinta. Wajen ɗaurewa kuma da sifana mai awo ake yi, bi da bi yadda littafin injin ya tsara, ba da ƙarfin damtse ba. Injuna da yawa ma ƙusoshin top ɗinsu miƙewa suke in an ɗaure, ba a maimaita su, sabbi ake sawa. In aka yi haka da kaya masu kyau inji yana komawa ya yi shekaru, kuma ka san abin da ke cikinsa.

Amma fa ba kowane inji ne ya cancanci wannan wahalar ba. In bulok ya tsage, ko kwanrod ya fasa gefe, ko metal ya juya ya ƙone karanshaf har ya yi baƙi, ni da kaina zan ce a nemo wani. Haka kuma wasu bulok na alminiyam layinarsu siririya ce, kamfanin ma bai yarda a yi musu ribowa ba, kuma in sun sha zafi sosai zaren ƙusar top yana iya zarewa daga jikin bulok ɗin. Shi ya sa nace a buɗe ido kafin a buɗe aljihu.

Mai Kayan Gyara:
Ni ta ɓangaren saye zan yi magana tunda ina harkar. In har ta kai ga sayen na hannu, abu na farko lambar samfurin inji, wadda aka buga a jikin bulok, ta zama iri ɗaya da taka. Mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da inji kala biyu ko uku gwargwadon ƙasar da aka yi wa ita, in ka kuskure sai ka ga soket baya shiga ko birenbos, wato kwamfutar motar, ya ƙi karɓa, a fara yanke-yanken waya, daga nan fitilar cek bata ƙara mutuwa. Mafi sauƙi a ɗauki gangar jikin injin kawai a mayar masa da manifol da sensa da wayoyin motarka.

Ka je da bakanikenka, kar ka aika. A buɗe murfin sama a ga ko akwai baƙin dasƙararren mai, a cire fulogi a duba bakinsu, a sa sifana a juya karanshaf da hannu a ji yana zagayawa ba tare da sarƙewa ba, in sun yarda a kwance farantin ƙasa a duba ko akwai garin ƙarfe. Injin da aka wanke yana ƙyalli ni ya fi bani tsoro akan mai ƙura, wanki yana ɓoye inda mai ke yoyo. Garanti a rubuce, kuma ya fara lissafi daga ranar da aka tayar ba ranar da aka biya ba. Ka karɓi rasit mai lambar injin, don a wasu ƙasashen lambar tana cikin takardun mota sai an je an gyara.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, injin hannu sa'an naka ne a shekaru. Akwai injunan da shan mai ciwon gidansu ne, misali 2AZ-FE mai lita 2.4 da Toyota ta sa a Camry na wajen 2007 zuwa 2009, kamfanin da kansa ya amsa matsalar ya fito da gyararren fiston da ringi. Irin wannan in ka sayo na hannu wanda ba a taɓa yi wa aikin ba, an gudu ba a tsira ba kenan. Ka bincika naka samfurin ko yana da irin wannan tarihin.

Maman Biyu:
Kai, ina ma na ji wannan bayanin kafin mu saya. Mu fa ko murfi ba a buɗe ba.

Baban Yara:
Slm jama'a, na dawo. An auna yau a gabana. Silinda ta 1 ta bada 165, ta 2 ta bada 80, ta 3 kuma 85, ta 4 ta bada 160. Da aka zuba mai a ta 2 da ta 3 kusan basu motsa ba. An cire top, gasket ya ƙone daidai tsakanin 2 da 3 kamar yadda Oga ya faɗa, har na ɗauki hoto. Jikin silinda babu zane mai zurfi, farce baya kamawa, amma mai awon yace sai gobe zai auna da kyau. Shi bakanikena har yanzu yana cewa tunda an riga an buɗe a yi ringin gaba ɗaya a huta.

Oga Sifana:
Alhamdulillah, wannan labari ne mai daɗi. 165 da 160 a injin da ya yi wannan tafiyar ba mataccen inji ba ne, maganar saye a ajiye ta tukuna. A kai top a gwada tsagewa, in lafiya a fere shi kaɗan iya abin da zai miƙe, a wasa bawul a canza robobinsu duka, a ɗora ƙarfen awo a fuskar bulok ita ma, kuma a gwada zaren ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya kafin a sayi komai.

Maganar ringin kuwa bakanikenka ba shirme yake ba. Kwamfureshan yana nuna lafiyar ringi biyu na sama ne, na ukun mai share mai yana iya maƙalewa da datti lamba ta fito da kyau amma mota tana shan mai, kuma lita guda a sati biyu ya yi wa robar bawul kaɗai yawa in ba doguwar tafiya kake kullum ba. In awon gobe ya nuna silinda tana cikin ƙima, a zare fiston a wanke ramukan mai na jikinsu a sa ringi da metal na asalin girma, tunda rabin aikin an riga an yi. In ta wuce ƙima ka dawo mu sake lissafi da Ɗan Lissafi.

Kuma dan Allah abin da ya jawo zafin kar a manta da shi, tiyo duka a canza, a wanke lagireto ko a sake shi, sabon murfi, a tabbatar fanka na tashi, tamostat a sa sabo kar wani ya ce maka a cire a yar. Bayan an haɗa ka bi ta a hankali kilomita 1,000 na farko, banda dogon silo banda taka totur har ƙasa, sannan ka juye man da filta.

Tsohon Direba:
To shikenan na sallama, amma in top ɗin ya tsage fa?

Oga Sifana:
Sai a nemo top kaɗai Baba, a gwada shi kafin a biya.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na kira mai awon yace ƙarfe goma zai fara, zan je in tsaya a kansa in turo muku lambobin. Oga gasket ɗin fa, kala biyu aka nuna min, na ƙarfe mai falle-falle da wani baƙi mai laushi, wanne zan ɗauka?

Oga Sifana:
Irin wanda aka cire daga ciki. Ka tafi da tsohon a hannunka ka ɗora shi akan sabon, ramukan ruwa da na mai su hau daidai.