Ƙarancin Matuƙa Jirgin Sama ko Bauta?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Yau shekara uku ke nan da ƙanena ya kammala karatun tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya, ya karɓi lasisinsa da awa 200 da 'yan kai na tuƙi a littafinsa, kuma har yanzu yana zaune a gida. Sai da mahaifinmu ya sayar da gona kafin a biya kuɗin karatun nan. Amma kullum sai in ji masu kamfanonin jirage na cikin gida suna kukan wai babu matuƙa. Kamfani guda da ya kira shi ya ce ko dai ya biya kuɗin horon Boeing 737 da kansa, kuma da dala, ko su biya masa ya sa hannu cewa ba zai bar su ba sai bayan shekara biyar, a kan albashin naira wanda ba kowane wata yake zuwa a kan lokaci ba. Ni ban yarda akwai ƙaranci ba. Abin da ake so shi ne yaran da za su yi bauta, shi ya sa ake ta wannan kuka.

Alhaji Tukur: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, Allah ya ba ƙanenka aiki mai albarka, amma ka janye kalmar bauta. Shekarata goma sha biyar ina sayar da tikitin jirgi, kuma na san abin da masu kamfanonin nan suke fama da shi. Mutum ya zuba dukiyarsa, ya horar da ɗan wani da dala, sa'an nan ya nemi a yi masa aiki na wani lokaci kafin a tafi, sai a ce ya bautar da shi? Bawa ba ya sa hannu a takarda, kuma ba a biyansa albashi.

Kyaftin (mai ritaya): 'Ya'yana, maganganun biyu duka gaskiya ne, akwai ƙaranci kuma akwai masu lasisi a zaune. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne kyaftin, wato mai zama a kujerar hagu, kuma ba a ba da babban lasisin da ake zama kyaftin da shi sai mutum ya tara awa 1,500. Yaron da ya fito da awa 200 ba shi da hanyar tara sauran sai an ɗauke shi mataimaki, kuma kowane samfurin jirgi, ko Boeing 737 ko Embraer 145 ko ATR 72, yana da horonsa na daban. A zamaninmu Nigeria Airways, kamfanin jiragen gwamnatin tarayya, shi ne yake ɗaukar wannan nauyi, amma tun da aka rushe shi a 2003 babu wanda ya gaje shi sosai. Ga mu tsofaffi doka tana sauke mu idan mun kai shekara 65, ga waɗanda suka ƙware kamfanonin ƙasashen Larabawa suna janye su da albashin da ba ya faɗuwa tare da naira.

Hajiya Rabi: Baba Kyaftin, Allah ya ƙara girma. Amma Alhaji Tukur, ni matar matuƙi ce, kuma na ce kalmar ta dace. Maigidana yana fita kafin asuba, idan lokacin hunturu ne hazo ya rufe Kano sai ya wuni a filin jirgi yana jiran gari ya washe, ya dawo tsakar dare, gobe kuma a kira shi da zarar awannin hutun da doka ta tanada sun cika, ko minti ɗaya ba a ƙara masa. Duk wata shida sai ya shiga na'urar gwaji an sake jarraba shi, ga binciken likita, kuma idan ya faɗi ɗaya abincinmu ya tsaya. Akwai lokacin da muka yi wata uku babu albashi, kuma bai isa ya ajiye aikin ba saboda bashin horon da ke wuyansa. Wanda ba zai iya tafiya ba kuma ba a biya shi ba, wane suna za a ba shi?

Ustaz Auwal: Hajiya, a yi hattara da lafazi. A fiƙihu abin da kika siffanta ijara ce, wato aikin lada, da bashi a kanta, bauta kuwa mallakar mutum ce, kuma mu da kakanninmu suka ga bautar gaske bai kamata mu riƙa wasa da sunanta ba. Sai dai riƙe albashi zalunci ne, domin hadisi ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Hajiya Rabi: Malam, ai a Hausa muna cewa bautar ƙasa, muna cewa bautar aure, kuma ban taɓa jin an kawo fiƙihu a kansu ba. Sai yau da aka taɓa masu kuɗi.

Alhaji Tukur: Ba maganar masu kuɗi ba ce, Hajiya. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan gyara da dala ake saye, inshora da dala, hayar jirgi da dala, tikiti kuma da naira. Kamfanin Arik da ya fi kowa girma a lokacin sai da AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da suka gagara biya, ta karɓe shi a 2017. Kuma in za a faɗi gaskiya, ni abin da nake ji shi ne kamfanoni sun fi sha'awar yaran da suka yi karatu a Afirka ta Kudu.

Injiniya Bashir: Alhaji, wannan maganar taka ta ƙarshe ba ta da tushe. An kafa kwalejin Zariya tun 1964, kuma da yawa daga cikin manyan kyaftin ɗin da kake sayar wa mutane tikitin jiragensu can suka fara. Ka kawo mana kamfani ɗaya da ya rubuta cewa ba ya son ɗan Zariya. Sa'an nan duk wannan muhawara babu wanda ya tuna da mu injiniyoyi, alhali ƙungiyarmu ɗaya da matuƙa, wato NAAPE, kuma jirgi ba ya tashi sai mun sa hannu. Idan su bauta suke yi, mu da muke kwana a ƙarƙashin jirgi me muke yi?

Alhaji Tukur: Injiniya, don ka yi karatu a Zariya ba shi zai hana a faɗi abin da ake ji ba.

Injiniya Bashir: Abin da ake ji a teburin sayar da tikiti daban yake da abin da ake gani a wurin gyara, Alhaji.

Dakta Usman: Ina roƙon a dubi abin da ya faru a nan Amurka. A Fabrairun 2009 jirgin wani ƙaramin kamfani mai suna Colgan ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu, kuma bincike ya tono maganar gajiya da ƙarancin albashi, domin mataimakiyar matuƙin ba ta samun ko dala 20,000 a shekara. Daga 2013 aka wajabta wa mataimaki ma awa 1,500, matuƙa suka yi wuyar samu, daga baya ƙananan kamfanonin suka ƙara albashi dole. Gajiyar matuƙi magana ce ta rayukan fasinjoji, ko da wane suna aka kira ta.

Ustaz Auwal: Dakta, ko a can ɗin ma ai ba su kira abin bauta ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, za mu rufe. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawanmu mun yarda cewa kalmar bauta ta wuce gona da iri, kamar yadda Ustaz ya warware mana da hujja. Alhaji Tukur ya nuna da alƙaluma cewa faɗuwar naira ce tushen matsalar, kuma masu kamfanonin nan sun cancanci a yaba musu da suke riƙe da harkar a wannan hali. Baba Kyaftin ya tabbatar da cewa ƙarancin gaskiya ne. Muna ba matasanmu shawara su yi haƙuri su karɓi abin da ya samu.

Malam Nasiru: Ranka ya daɗe, Baba Kyaftin cewa ya yi kyaftin ake nema kuma masu lasisi suna zaune, kuma ba ka ambaci wata ukun Hajiya ba. Baba Kyaftin, don Allah ku ba ni amsa ko ta waya ce, domin ranar Litinin suke jiran yaron: ya sa hannu a takardar shekara biyar ɗin, ko ya ci gaba da jira?