Sautin jitata cakuɗewa yake idan na danne tsirkiya, ina matsalar take?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai ƙara da nauyin sauti, da wata jitar lantarki ta hannu da ƙaramar amfilifaya mai wat 15. Abin da ya gagare ni shi ne kiɗan nan da ake ɗora gefen tafin hannu a kan tsirkiya don sautin ya fito a guntule, jugum-jugum. Nawa ko dai ya mutu murus, ko ya cakuɗe ka rasa gane komai. Ga wani zzzz da ba ya yankewa, musamman in an tada janareta. Yatsuna kuma sai raɗaɗi. Jitar ce ba ta da kyau, ko hannun ne?

Baban Tsirkiya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hannun ne, kuma da sauƙi. Ka ga ƙarfen nan da tsirkiyoyi suka hau a gindin jita? Daidai nan za ka kwantar da tsokar gefen tafinka ta ɓangaren ƙaramin yatsa, rabi a kan ƙarfen, rabi a kan tsirkiya. Ka matsa gaba ko da faɗin yatsa ɗaya ne, ka kashe sautin. Ka ja baya da yawa, tsirkiya ta saki. Kuma kwantarwa ake yi, ba dannewa ba.

Sai makunnin amfilifaya da aka rubuta Gain a jikinsa, mai ƙara wa sauti kaushi. Na san ka murɗa shi har ƙarshe, duk sabon shiga haka yake yi. Mai da shi rabi. Nauyin da kake ji a faifan ƙungiyar Metallica daga hannun daman mai jitarsu James Hetfield yake fitowa: ƙasa kawai yake bugawa, ba ya dawowa sama, har a gudun da ya haura bugu 200 a minti. Kai fara da 80 a metronom ɗin wayarka, manhajar da ke ƙirga bugu, da tsinken kaɗawa mai kauri, milimita 1 ko fiye. Motsi daga wuyan hannu, gwiwar hannu ta zauna lafiya.

Injiniya Mai Waya: Zzzz ɗin nan aikina ne. Yawancin soket ɗinmu babu wayar ƙasa a ciki, janareta kuwa ba a ma maganarta. Taɓa tsirkiya ka saurara, sannan ka juya jikinka a hankali da jitar, za ka sami kusurwar da kukan ya ragu. Cire cajar waya daga layin, ka nisanci fitila mai tsawo. In jitarka mai siraran fikof uku ce, wato na'urorin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, sa makunnin zaɓen fikof a mataki na 2 ko na 4, a yawancinsu nan kukan ke faɗuwa. Don haka ma 'yan metal suka fi son hambaka, fikof mai naɗin waya biyu da ke kashe kukan. In ka taɓa jin wuta ta ɗan ja ka a tsirkiya, zare filogi nan take, ka kira mai gyara.

Damagaram84: Maganar yatsu kuma, wa ya kai Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath? Yana ɗan shekara 17 injin masana'anta a Birmingham ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya narka robar kwalba ya yi musu hula, ya koma sirarar tsirkiya, daga baya a 1971 ya sassauta ɗaurin jitar don ta yi laushi, sautin ya ƙara kauri. Sa siririyar tsirkiya mai lamba 9, kanta za ta fito da kanta. Mu nan Nijar, makaɗi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, balle kai mai amfilifaya.

Ɗan Samaru: Allah ya saka da alheri. Na rage Gain, na ja hannu baya, wallahi har maƙwabcina ya leƙo ta taga. Amma Yaya Baban Tsirkiya, bugun ƙasa zalla yana sa damtsena ya ƙage.

Baban Tsirkiya: Da ya ƙage ka tsaya, ka rage gudu da 10. In wurin ya yi sauri da yawa, buga ƙasa da sama abinka, ba wanda zai kai ka kotu. Turo mana muryar abin da ka buga mu ji.